Ƙulin Tunkiya da Ya Ƙi Sayuwa

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, a rufe baki. Kai Barau, ajiye karan nan kafin ka tsokane wa wani ido.

Wata tsohuwar Tunkiya ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli. Da ƙafa ta fara gaza ta, sai ta ce tana neman wanda zai riƙe mata rumfa a kasuwa. Ga damina ta kusa. In ruwa ya sauka ƙulin bai ƙare ba, sai ya yi sanyi ya yi funfuna, wahalarta ta tashi a banza.

Gizo ya yi tsalle ya ce, "Inna, ni ne! Gwanaye zan kawo miki, kowa da abin da ya fi kowa iyawa."

Kurege ya ce shi ma yana so. Gizo ya fashe da dariya. "Wannan? Ya taɓa suya ya bari, ya yi dako, ya yi wa mai tsire fifita, ya yi talla. Malam, wace ce sana'arka?"

Kurege ya ce, "Kowacce na ɗan leƙa."

Tunkiya ta ba Gizo rumfa, aka ba Kurege ɗaukar kwando.

Ranar kasuwa Gizo ya kawo Zakara. Zakara ya buɗe murya, jama'a suka taru, suka ɗanɗana, suka wuce. Ya ce, "Ni dai muryata ta kai har bakin rafi."

Wata kasuwar Gizo ya kawo Hawainiya, ta jera ƙuli a faifai, gwanin kyau. Aka tsaya, aka yaba, aka ɗanɗana, aka wuce. Ta ce, "Jerena ba shi da laifi."

Ta uku ya kawo Tururuwa mai awo, har da gyara take yi. Haka dai. Ta ce, "Awona daidai yake, a je a tambaya."

Gizo kuwa yana inuwa ya miƙe ƙafa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ruga gida. "Inna, baki aka yi miki! Ba ni kwando guda in kai wa boka." Ku kun san bokan da yake nufi, cikinsa ne.

Shi ko Kurege bin wani tsohon Jaki ya yi, wanda ya ɗanɗana ya ajiye. "Baba, me ya hana ka saya?"

"Ɗan nan, haƙora nawa suka rage mini? Wannan ai tsakuwa ce."

Kurege ya gatsa. Ya taɓa suya, nan take ya gane ƙulin ya daɗe a mai. Ya taɓa zama wurin mai tsire, ya san irin wannan busasshen shi ya fi ba da gari mai kyau. Ya je gaban Tunkiya ya durƙusa. "Inna, ba baki ba ne. A daka shi."

Tunkiya ta dube shi, ta ce a kawo turmi.

Da aka daka, Kurege ya ce Tururuwa ta koma awo da ƙaramin ludayi, Hawainiya ta ƙuƙƙulla a ganye. Ya ce wa Zakara, "Bar tsakiyar kasuwa. Je layin masu tsire, daga nan ka bi gidajen masu kwaɗon zogale."

Zakara ya ɗaga wuya. "Kai za ka koya mini cara?"

"A'a Yaya, ban kama ƙafarka ba. Inda za ka yi ta kawai na sani."

Kafin ɗigon farko ya faɗo, kwando ya koma wayam. Tunkiya ta ce, "Kurege, rumfa taka ce."

Gizo ya matso yana sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ni fa?"

Kurege ya ƙirga hannuwansa, ya miƙa masa taɓarya. "Har takwas Allah ya ba ka. Bismillah."

To kun ji. Gwani yana da ranarsa, ban raina shi ba, amma nasa kawai yake gani. Mai jan ragama sai wanda ya san kaɗan a suya, kaɗan a awo, kuma bai fi ƙarfin tambayar mai saye ba. Ke Jummala, da kike cewa talla kaɗai kika iya, gobe ke za ki tsaya bakin kasko.

Ƙungurus, kan kusu ne ba nawa ba. A tashi.