Riƙon Suwaiba

Ku gyara zama, ga wata magana da ta fi ƙarfin kan mutum ɗaya.

A Malumfashi akwai wani direban tirela, Tanimu. Matarsa Hajo ta rasu da damina, ta bar masa 'ya ɗaya, Suwaiba, mai shekara bakwai, wadda ko "Baba" ba ta taɓa cewa ba. A asibiti an ce galahanga ce, a unguwa an ce iska ce. Kullum da hantsi tana ƙofar ɗakin uwarta tana jera ƙwallayen dabino, ba ta kallon kowa. Tanimu yakan dube ta daga nesa, ya ga gefen fuskar Hajo, ya kau da kai.

Ana saura kwana tara sadakar arba'in, Suwaiba ta kama ihu tana buga kanta da bango. Aka ce uwarta ce ke kiranta. Aka kunna turare, mata 'yan dubiya suka cika ɗakin, kowacce tana taɓa goshinta tana "sannu, sannu". Duk hannun da ya sauka a kanta sai ihun ya ƙaru, su kuma su ƙara matsowa, don a wurinmu ba a barin marar lafiya shi kaɗai.

Yayar Tanimu, Tabawa mai saƙar faifai, ba ta yi boko ba, amma ta lura kwana biyu yarinyar ba ta taɓa ƙwallayenta ba, kuma ƙafar dama a naɗe take kwana. Ta ɗauki tsintsiya.

"Ku fita mata! Ciwo ne wannan, ba iska ba. Ke Uwani, da muryarki kamar lasifika, ke za ki fara fita."

Ɗakin ya yi tsit, yarinyar ta koma nishi. Amma ina ne ke ciwon? Babu mai faɗa.

Safara'u, ƙanwar marigayiya, tana karatun jinya a Katsina. Can ta ji abin da masu bincike suka gano, cewa da yawa cikin irin waɗannan yara suna ganewa sarai, hanyar faɗa ce ba su da ita, kuma hoto na iya zame musu baki. Tun bara take yanka kwalin sukari tana zana kofi da tabarma tana koya wa Suwaiba nuni, har gida ya sa mata suna Likitar Kwali. Ran nan, da yake ta zo gida zaman makoki, ta zana mutum, ta ajiye a ƙasa da ƙwallo ɗaya a gefe, ta ja baya. Har aka kira azahar tana jira. Can sai Suwaiba ta miƙa hannu ta ɗora ƙwallon a kan zanen, daidai ƙasan ciki, wajen dama.

"Yaya Tanimu, asibiti," in ji Safara'u. "Yanzu, ba anjima ba."

Sai dai Suwaiba ta ƙi mota. Ta ciji Tanimu har jini, ta sandare a ƙofar gida. Nan Asabe mai tuyar masa, maƙwabciya kuma aminiyar Hajo, ta tuna yadda ta sha hango Hajo ta kan katanga tana yi da yarinyar. Ta ɗauko zanen marigayiya ta goya yarinyar, ta ɗaure tamau, ta lulluɓe mata kai da mayafi. Yarinyar ta lafe, har barci ya ɗauke ta. A ƙafa ta kai ta asibiti, cikin rana, ƙafafun yarinyar na dukan gwiwoyinta. Likita ya ce afendis ne, wani ɗan reshen hanji da ya kumbura, saura kaɗan ya fashe. Aka yi aiki, ta rayu.

Arba'in ta wuce, dole Tanimu ya koma hanyar Legas, inda yakan yi makonni. Suwaiba kuwa ba ta jure yawo gida-gida, dole a hannun mutum ɗaya za a bar ta. Tabawa ta ce 'yar ƙanenta ce, jininta. Safara'u ta ce ita ce ta san bakinta. Asabe ta ce ita ba dangi ba ce, amma a bayanta yarinyar ta yi barci.

Tanimu ya juya zai tambayi Hajo kamar yadda ya saba, sai ya ga tabarmarta a naɗe jingine da bango.

To jama'a, ku da kuka ji: a cikin ukun nan, wa ta fi cancanta ya ba riƙon Suwaiba?