Gida Na Ashirin a Ƙauyen Sarbid

Akwai wata dattijuwa mai suna Zibar a ƙauyen Sarbid na ƙasar Iran, wanda ke maƙale a bayan duwatsu, tafiyar awa biyu daga kwalta. Ba abin da take so a duniya kamar ta ga jikarta Gulnar ta yi karatu.

Sai labari ya zo cewa duk ƙauyen da bai kai gida ashirin ba, za a ɗauke malaminsa. Makaranta mafi kusa kuwa tana can bayan tsauni, inda ba mai tura 'yarsa.

Zibar ba ta damu ba, don ta san ƙofofin Sarbid ashirin ne cif.

Ranar Laraba ma'aikacin ƙidaya ya iso, wani saurayi mai yawan tambaya ana kiransa Bahram. Ya sha shayi a gidan mai gari, sannan ya ce, "Mu ba ƙofa muke ƙirgawa ba, sufura, wato shimfiɗar cin abinci, muke ƙirgawa. Duk waɗanda ke ci a shimfiɗa ɗaya, gida ɗaya ne."

Nan mai gari ya hango matsala. Tsoho Kurban, tun da matarsa ta rasu, bai ƙara hura wuta a ɗakinsa ba. Kuma ranar a gidan Zibar yake cin abinci.

Mai gari ya zagaya ya same ta. "Yaya, don Allah ki ce shi yake dafa wa kansa."

"Kurban? Mutumin da ko ƙwai bai iya soyawa ba?"

"In aka haɗa shi da gidanki mun zama goma sha tara fa. Ki tuna da Gulnar."

Duk da haka ba ta kori tsohon ba.

Bahram ya shigo ya tarar da Kurban yana tsoma gurasa a miya. Ya ce, "Inna, wannan baban a nan yake ci?"

Ta ce, "Ga shi kana gani, ɗana."

Ya ɗaga alƙalami zai rubuta, sai son jin ƙwaƙwaf ya riƙe masa hannu. "Kullum?"

"A'a, yau dai ne ya zagayo kaina."

"To gobe fa?"

Kurban ya share gemu ya ce, "Gobe gidan Rustam. Matarsa gishiri take zubawa kamar da gayya, amma ina haƙuri."

"Jibi fa?"

"Gidan mai gari. Can nama sai dai ka ji ƙamshi."

Bahram ya bi gida gida yana tambaya, kowa ya ce, "Ai namu ne." Ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ba zan rubuta mutum ɗaya a gida goma sha tara ba, kuma in na ba gida guda, sauran za su ce na yi son kai. Baba, kai gida ne mai zaman kansa."

Ya rubuta ashirin.

Zibar ta fashe da kuka don murna. Kurban kuwa ya miƙo kwano ya ce, "Tunda ni ne makarantar, a ƙaro miya."

Darasi: Kada tsoron asara ya sa ka janye hannu daga alheri ko ka karkatar da gaskiya. Wanda kake ciyarwa yau, ta yiwu shi ne zai cike maka gurbi gobe. Ka tura wa wani, ko ya tuna da tsohon da ke maƙwabtaka da shi.