Bakin Mudan da sunan jaririya

To, ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A Jimeta akwai wata mata, Dudu, Bafulatana, matar wani tela Bahaushe mai suna Sabitu. Ɗansu Mudan ya shekara biyar, yaro mai fara'a, amma in ya buɗe baki ba a tsintar komai sai guntayen sauti. A ɗaki yana jin Fillanci, a shagon babansa Hausa, a makaranta Turanci. Maƙwabta suka yi ta cewa harsuna ne suka yi masa yawa, har Sabitu ya kafa dokar Hausa kaɗai a gidansa. Dudu ta bi doka, tana ji kamar an ɗaure mata harshe, yaro kuwa bai canja ba. Shugaban makaranta ma ya fara zancen a mayar da shi gida.

Malamar ajinsu, Saratu, ita ta ƙi yarda. Rabin ajinta harshe uku-uku suke ji, kuma surutunsu har ciwon kai yake sa ta. Ta lura in ta kira Mudan ta baya ba ya waiwayowa, in kuwa yana kallon bakinta sai ya yi abin da ta ce. Sau uku tana zuwa wurin iyayensa. A na ukun ta zauna bakin keken ɗinkin Sabitu ta ce, "Malam, ba zan tashi ba sai ka ce za a kai shi asibiti." Ya ce za a kai shi.

A asibiti suka samu Falmata, wata Babarbariya da ta yi karatun gyaran magana. Kafin komai ta sa aka duba kunne, aka tarar ruwa ya taru a ciki, yaro yana jin magana kamar daga ƙarƙashin bargo. Aka yi magani ya washe. Sannan ta gwada shi da hotuna a Hausa da Turanci, ta ce gwaji bai cika ba sai an yi da Fillanci, ita kuwa ba ta jin Fillanci. Dudu ta gwada yin tafinta, amma tausayi ya sa tana faɗa masa amsa. Falmata ta yi dariya ta ce, "Uwa ba ta iya wannan aikin. Ba ku da tsohuwa?"

Akwai tsohuwa. Inna Dija, mahaifiyar Dudu, wadda tun farko ta ce surukinta ya riƙe dokarsa, ita da jikanta Fillanci za su yi. Da aka nuna wa Mudan hoton ƙwaryar nono ya ce "otam", Inna Dija ta tafa hannu ta ce, "Kosam yake cewa, nono ke nan! Ai ni na daɗe ina jin sa." Kalma bayan kalma ta fassara, sai ga shi abin da ake ɗauka shirme magana ce mai yawa. Nan Falmata ta gane sautukan da yake yarwa iri ɗaya ne a duk harsunan uku. Ta dubi Sabitu ta ce, "Harsuna ba su da laifi. Ka janye dokarka." Ta tsara wasannin baki da na harshe, ta ce a riƙa yi kullum, a dawo mata duk wata.

Dudu na da aikin gida, Sabitu na shago, don haka wasa ya faɗa hannun tsohuwa. Wata takwas tana zaune da shi a inuwar darbejiya, suna hura auduga, suna kallon madubi, tana turo baki tana lanƙwasa harshe, ga haƙora huɗu kacal a bakinta. Mata na leƙowa ta katanga suna dariya, ko a jikinta.

Wata safiya Dudu na dama kunu sai ta ji muryar Mudan a bayanta, tar da ita: "Inna, kunun nan ba sukari." Ludayi ya suɓuce mata. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta zuba masa sukari har ya yi yawa. Yanzu in kun je gidan, da harshe uku ake roƙon sa ya yi shiru.

Bayan shekara Dudu ta haifi mace, ita da Sabitu suka yi niyyar mayar da sunan wadda ta buɗe bakin Mudan. Dudu ta zauna da jaririya a cinya tana tunani. Ba don Saratu ba, da ba a je asibiti ba. Ba don Falmata ba, da ba a san ciwon ba balle maganinsa. Inna Dija kuwa, ba don ita ba da gwaji bai cika ba, wasannin ma da sun ƙare a takarda. Ga rago a ɗaure, suna jibi, liman na jiran a faɗa masa.

To, ku da kuka ji, Saratu ce, Falmata ce, ko Dija? Sunan wa ya kamata a raɗa wa yarinyar nan?