Layi Ɗaya da Manaja Ya Canza

Akwai wani saurayi da kowa ke kira Manaja, don tun yana makaranta ya fi iya raba wa mutane aiki a kan ya yi da hannunsa. Yana da ƙanwa, Auta, mai rubuta manhajar waya.

Su biyun suka fitar da wata manhaja ta teloli. Tela zai auna mutum, ya ajiye awon a wayarsa, ya huta da neman tsohon littafi a ƙarƙashin ƙyallaye. Shekara uku Auta tana rubuta ta a kan teburin guga na ɗakin Innarsu. Manaja kuma shi ke bin shaguna yana talla, kuma a faɗi gaskiya, bakinsa akwai zuma.

Babban ɓangaren da ke riƙe da duk aikin, wanda masu wannan sana'a ke kira modul, Auta ta sa masa suna AutaTela. Mai amfani da manhajar ba ya ganin sunan. Sai wanda ya buɗe cikinta.

Ana nan sai wani babban kamfani ya aiko. Sun ga manhajar, ta burge su, suna son ɗaukar wanda ya rubuta ta aiki. Mutum ɗaya suke so. Irin aikin da Auta ta daɗe tana roƙon Allah ke nan.

Ranar ganawa, har ta goge kayanta, Manaja ya leƙo ya ce, "Auta, sun ɗaga zaman. Sai sun kira."

Ta ce, "To Yaya, Allah ya kai mu." Ta mayar da kayan cikin akwati.

Ashe ba a ɗaga komai ba. Manaja ya san za su buɗe cikin manhajar su duba, ya kuma san sunan da za su gani. Sai ya shiga shafin saiti, inda ake gaya wa kwamfuta yadda za ta haɗa manhaja. Ya nemo layin sunan modul, ya goge AutaTela, ya rubuta ManajaTela. Ya gwada a wata sabuwar waya, komai ya tashi lafiya lau. Ya tura wa teloli sabuntawa, ya ɗauki jaka ya tafi ganawa shi kaɗai.

Sai dai sanin Manaja da wannan aiki sanin fasinja ne da injin mota. Bai san cewa duk awon da tela ya ajiye, manhajar tana buga masa hatimin sunan modul ba. Da sunan ya canza, sai ta daina gane tsofaffin awon. Sabuwar wayar da ya yi gwaji da ita kuwa dama babu ko awo ɗaya a cikinta.

Bayan kwana uku, da sassafe, sai ga kawunsu tela, tef ɗin awo a wuya, waya a hannu.

"Auta, me kuka yi mini? Yara ɗari biyu na auna, kayan makaranta, ranar Litinin za a koma. Na buɗe, wai babu kowa!"

Auta ta buɗe kwamfuta, ta duba tarihin canje-canje. Layi ɗaya tak aka taɓa. Ta ga sabon sunan, ta ga wanda ya canza, ta ga ranar. Ita ce ranar da aka ce mata an ɗaga zama.

Yayanta ne ya yi. Da wani ne daga waje, da ta yi faɗa ta huce. Amma wannan shi ya goya ta tana ƙarama.

Manaja ya shigo a rikice, wayarsa sai ƙara take yi. Teloli na kira, kamfanin ma, da bai gama yanke shawarar ɗaukarsa ba, ya kira, sun ba shi zuwa la'asar ya gyara.

Ta juyo masa da kwamfutar. "Yaya, mene ne wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Haba Auta, suna ne kawai fa."

"In suna ne kawai, me ya sa ka canza?"

"Ai ni ne babba. In na shiga, ke ma kin shiga."

"Da ka roƙe ni aikin, wallahi da wataƙila na bar maka. Amma ka tsaya kana kallona ina ninke kayana."

Kawu ya ja kujera ya zauna. "Ni ban san rigimarku ba. Ni dai yaran mutane nake ji."

Auta tana iya naɗe hannu ta bar Manaja ya sha kunyarsa, kuma ba wanda zai ga laifinta. Amma ta dubi Kawu, ta tuna akwai irinsa da yawa. Ta share hawaye ta ja kwamfutar.

Mayar da tsohon suna ba zai wadatar ba, don a kwana ukun nan wasu sun ajiye sababbin awo da hatimin Manaja. Sai ta rubuta gyaran da zai sa manhajar ta karɓi hatimin biyu. Kafin azahar, yaran Kawu ɗari biyu sun dawo cikin wayarsa.

Manaja ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "In sun tambaya, ki bari na ce ni na gyara."

Ta ce, "Don Kawu na yi. Sauran kuma kai ka sani."

Da yamma wata injiniyar kamfanin ta duba gyaran, ta ga hatimin AutaTela a ciki, ta kira Manaja. Ta ce ya yi mata bayanin yadda ya yi. Ya fara inda-inda. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Tambaya ɗaya ta rage. Wace ce Auta?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Auta aka ɗauka.

Har yau gida ɗaya suke. Tana gaishe shi da safe, tana ce masa Yaya, ba ta taɓa yi masa gori ba. Manaja har ya ɗauka komai ya wuce.

Rannan ya ce ta ara masa kwamfuta zai tura saƙo. Ta ce to, ta kawo. Da za ta sa kalmar sirri, sai ta kare madannan kwamfutar da tafin hannunta, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Manaja ya ga hannun. Bai iya tura saƙon ba.

Darasi: Kada ka goge sunan wani daga guminsa don ka rubuta naka, balle ɗan'uwanka da ya yarda da kai. Abin da ka ɓata a cikin aiki ana iya gyara shi kafin azahar, amma amanar da ka ci, ko an yafe maka, da wuya ta koma yadda take. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, wataƙila wani ya janye hannunsa tun bai taɓa layin ba.