Jarkar Maniru da Gonar Marayu

Akwai wani ɗan acaɓa a wani ƙauye da ke yankin Wurma, cikin ƙaramar hukumar Kurfi, ana ce masa Maniru. Mutumin kirki ne, amma fa Allah ya zuba masa tsoro. Ko taya ce ta fashe a kasuwa, shi ne farkon wanda zai kwanta a ƙasa.

Duk da haka, kowace Juma'a yakan ɗaure jarka a bayan babur ya kama hanyar daji ta wajen Barkiya, yana tafe yana karanto duk addu'ar da ya sani. Ruwa ne a jarkar. Yana kai wa Gwaggo Turai, wata makauniya aminiyar marigayiya mahaifiyarsa, wadda ta ƙi tashi lokacin da 'yan bindiga suka watsa ƙauyensu. Ban da matarsa Yahanasu, babu wanda ya gaya wa.

To, ga inda rigimar ta taso. Maƙwabcinsa Tukur, kafin ya rasu, ya ba Alhaji Sodangi aron gona, kuma a gaban Maniru aka yi. Da Tukur ya kwanta dama, matarsa Nana Hadiza ta nemi gonar don ta noma wa marayunta. Sai Alhaji ya ce ai saye ya yi. Mai Gari ya sa rana, ya ce a zo da shaida.

Ranar kasuwa Alhaji ya tare Maniru, ya dafa kan babur ɗinsa yana murmushi.

"Maniru, wai jarkar nan da kake shiga daji da ita, fetur ne ko?"

"Subhanallahi, Alhaji, ruwa ne."

"Ni na yarda. Amma in na ce wa 'yan sintiri infoma ne kai, kana kai wa mutanen daji mai, kana ganin za su tsaya shinshina jarka? Ranar zama, ka ce ka manta. Shi ke nan."

Jama'a, wanda ya san yankin nan ya san nauyin wannan kalma. In aka liƙa wa mutum ita, sau da yawa ba ya samun damar buɗe baki.

Tun daga ranar Maniru ya rasa sukuni. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa zaure, ya dawo. Tuwo ya daina wuce masa. Ya ɗauki fasinjan Kurfi ya wuce da shi inda zai sauka, har mutumin ya dungure masa ƙeya. Juma'a ta zo, ya cika jarka, ya tsaya yana kallonta, ya kasa ɗaurawa. Ranar nan bai kai wa Gwaggo Turai ruwa ba, kuma wannan ya fi komai cin ransa.

Yahanasu ta ce, "Malam, ka ce ka manta mana. 'Ya'yanmu ƙanana ne."

Ya ce, "Na Tukur fa, manya ne?"

Duk da haka bai sami sauƙi ba. Ta katanga yana jiyo Nana Hadiza tana daka, sai ya ji kamar a ƙirjinsa take sauke taɓarya.

Ana gobe zama, ya hau babur ya gudu Dutsin-Ma wajen kawunsa Malam Abdullatif, mai makarantar allo. Niyyarsa ya laɓe can har a gama. Ya tarar da Malam yana wanke alluna, ya durƙusa ya zayyana masa komai.

Malam bai ɗago ba. Ya ce, "Hanyar da ka biyo yanzu, ba a tare mutane a cikinta?"

"Ana tarewa, Kawu."

"Wa ya rako ka?"

"Ba kowa."

"To ka ji. Wanda ya fito da kai daga hanyar nan lafiya, shi ne kake ganin Sodangi zai fi ƙarfinsa? Maniru, Allah ya hana ɓoye shaida, kuma ka sani. In an rubuta maka wani abu, a zauren nan ma zai same ka. In ba a rubuta ba, ko garin duka suka taru a kanka, wahalar banza suke yi. Ban ce ka yi ganganci ba. Ka yi magana a gaban jama'a, kada ka keɓe da kowa. Amma ka koma."

Ya koma. Kada ku ɗauka tsoron ya tafi, yana nan daram. Washegari, a ƙofar Mai Gari, ya miƙe a gaban jama'a.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, aro ne, a gabana aka yi. Kuma akwai bishiyar ɗorawa a gonar. Kowa nan ya san wanda ya ari gona ba ya taɓa ɗorawar cikinta, ta mai gona ce. Duk bazara ni Alhaji ke kira in ɗauko buhunan in kai gidan Tukur, da kalwarta ne Nana Hadiza ke yin daddawa. In saye ya yi, me ya sa yake aika wa wani ɗorawarsa?"

Dattawa suka fara gyaɗa kai. Abin da kowa ya sani ne, bakin faɗa ne babu.

Alhaji ya zabura. "Maganar infoma za ku saurara? Ku tambaye shi jarkar da yake kaiwa daji duk Juma'a!"

Idanu suka koma kan Rabe, shugaban 'yan sintiri, mutumin da ko dariyarsa ba a cika gani ba. Maniru ya rufe ido ya fara kalmar shahada a zuci.

Rabe ya tashi a hankali. Ya ce, "Alhaji, ka makara. Mun riga ka zarginsa. Tun bara muka bi bayansa da bindigogi, da niyyar in muka ga ya miƙa wa wani jarkar nan, ba zai dawo ba. Muka same shi yana juye wa makauniya ruwa a randa, yana share mata tsakar gida. Muka juyo, bai ma san mun je ba. Juma'ar da ta wuce da ba mu ga ya fita ba, ni na kai mata ruwan."

Mai Gari ya mayar wa marayu gonarsu, ya kuma ja wa Alhaji kunne a kan ƙazafi a gaban kowa. Nana Hadiza ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Shi kuwa Maniru zama ya yi daɓas a ƙasa. Lissafi yake: ranar da bindigogi ke bayansa da gaske, ya dawo gida ya ci tuwonsa ya yi barci har da minshari. Kwanakin da ya hana kansa ci da barci kuwa, ashe babu abin da ke binsa.

Yahanasu na tarbarsa a zaure, ya ce, "Wanke mini jarkar nan. Ina da haƙurin da zan je in ba Gwaggo."

Darasi: Allah yana tsare ka daga abin da ba ka ma san yana bin ka ba, to don me za ka sayar da gaskiya saboda barazanar wanda ko numfashinsa ba a hannunsa yake ba? Ka yi hattara, ka nemi shawara, amma tsoronka ya zama na Allah. In ka san wani da tsoron mutum ya hana shi sukuni, tura masa wannan labari.