Injin da Ake Tayarwa a Tudu

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin kogi, yana da kwale-kwale mai inji, da shi yake ƙetarar da mutane. Ba rago ba ne, kada a yi masa ƙarya. Kowace yamma yakan kwance injin ya ɗauko shi a kafaɗa zuwa gida, ya rataye shi a wani katako da ya kafa a ƙofar gidansa. Yakan tace fetur da ƙyalle mai tsabta, ya duba famfon mai ko yana yoyo, ya shafa giris a duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe.

Amma yana da wani hali guda. Da gari ya waye, kafin ya sauka kogi, sai ya ja igiya ya tayar da injin nan a kan katakon, ya ba shi wuta har kaji su watse. Yana jin daɗi ƙwarai idan masu wucewa suka tsaya suna cewa, "Kai, wannan inji lafiya lau yake!"

To, a can ƙasan injin, kusa da farfela, akwai wani ƙaramin famfo mai fukafukan roba, wanda yake zuƙo ruwan kogi ya zagaya da shi cikin injin don kada ya yi zafi. Wannan famfo ba a shafa masa giris. Ruwan da yake ja, shi ne mai ɗinsa. Idan ya juya a bushe, robar takan ƙone kaɗan kaɗan, ba mai gani.

Matarsa 'yar masunta ce, ta san wannan tun tana gidansu. Wata rana ta ce masa, "Maigida, ka sa ƙafar injin nan cikin duro da ruwa mana kafin ka tayar. Kana ƙona shi."

Ya yi dariya ya ce, "A cikin ruwa ai muryarsa ba ta fita sosai. Ke dai ki ji yadda yake kuka."

Ana nan sai ƙarshen damina ya zo, kogi ya fara cika. A wani tsibiri da ke tsakiyar kogin akwai wata tsohuwa, mijinta ya rasu, ta noma shinkafa ita kaɗai, ta yanke ta ɗaure dami dami. Abincinta na shekara ke nan. Mutumin ya yi mata alkawari zai zo ya kwashe mata kafin ruwa ya hau.

Ranar da ruwan ya taso da ƙarfi, ya ɗaura injinsa ya kama hanya. Yana kaiwa tsakiyar kogi sai ya waiwaya, ya ga siririn ruwan da injin kan fesar ta baya, alamar famfon na aiki, ya ɗauke. Wari ya tashi, murfin ya yi zafi har hannu ba ya taɓuwa, injin ya yi tari ya mutu. Ya ja igiya har tafinsa ya saluɓe, shiru. Igiyar ruwa ta ja kwale-kwalen ta gangara, ta wuce da shi nesa da tsibirin. Da filafili ya yi ta fama, ya bi gefen gaɓa yana hawowa, bai isa ba sai da rana ta karkata.

Ya tarar da tsohuwar a kan ɗan tudun da ya rage, ruwa ya kai mata idon sawu, tana rungume da dami ɗaya. Sauran duk kogi ya tafi da su. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Ita kuwa ba ta zage shi ba, abin da ya fi zagi ciwo ta faɗa. Ta ce, "Ɗana, jiya wasu masunta sun ce za su kwashe mini. Na ce su bari, ina da mai inji."

Ga kuwa ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Injin shi ne hidimarmu, ruwan kuma shi ne zaman da muke yi a gaban Ubangiji, inda ba mai ganinmu. Mutum yana iya zuwa sujada ba fashi, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya yi addu'a mai ƙarfi har ikilisiya ta amsa da amin, alhali a ɗakinsa ya daɗe bai durƙusa ba. Duk abin da ido ke gani ya gyara shi, kuma gyaran ba laifi ba ne. Amma zuciyarsa tana juyawa a bushe, tana ƙonewa a hankali, shi kansa bai sani ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ranar da irin wannan mutum ya tsaya cak, ba shi kaɗai yake shan wahalar ba. Akwai mai ciwon da ke jiran ziyararka, akwai sabon mai bi da ya ƙi neman shawarar kowa domin ya dogara gare ka. Saboda haka kafin ka buɗe baki a gaban jama'a gobe, ka fara shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka roƙi Yesu ya shayar da kai. Akwai wanda ya sallami mai taimakonsa saboda kai ka ce masa kana zuwa.