Bunsuru da Ragowar Kafso

An yi wani Bunsuru a wani ƙauye, mai ji da kansa na gaske. Maƙwabciyarsa Tunkiya ce, ita kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru. A bakin rafi akwai tsohon Kunkuru, shi ke duba marasa lafiya.

Wata rana maruru ya fito wa Bunsuru a ƙafar baya. Ya ɗingisa har wurin Kunkuru. Kunkuru ya matse, ya wanke, ya ba shi kafso ja-da-yalo.

"Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kwana bakwai. Ko ka ji sauƙi kada ka tsaya. Kuma naka ne kai kaɗai."

"Na ji, Baba," in ji Bunsuru, alhali ya riga ya juya baya.

Kwana uku marurun ya bushe. Bunsuru ya zuba ragowar a gwangwanin madara ya rufe.

Tunkiya ta leƙo ta kan darni. "Maƙwabci, ba kwana bakwai ka ce mini ba?"

"Ƙafarki ce ko tawa? Na warke, sai in yi ta haɗiyar magani kamar tsaba?"

Da Zakara ya yi mura, Bunsuru ya ba shi ɗaya. Murar ta tafi don kanta, kamar yadda mura ke yi, amma Zakara ya hau rufi ya sanar da gari cewa an samu likita. Daga nan mai ciwon kai ya zo, mai ciwon baya ya zo. "Likita, barka da hantsi!" Kan Bunsuru ya kumbura. Gwangwani na ƙarewa ya ƙaro a tiren 'yan talla. Duk ranar kasuwa kuma sai ya ɓare kafso biyu ya zazzage a kwamin da kowa ke shan ruwa, wai rigakafi.

Tunkiya ta dubi ruwan ya yi rawaya. "Wannan kuma ciwon wa ake magani?"

"Ciwon da bai zo ba tukuna, jahila!"

"To ni da 'ya'yana rafi za mu."

"Ku tafi! Hassada ce ciwonki, ita kuwa ba ni da maganinta."

Bayan damina marurun ya dawo a ƙafar nan dai, guda uku, da zazzaɓi mai zafi. Ya fito wa Zakara a ƙarƙashin fiffike. Bunsuru ya sha kafso bibbiyu, ya koma uku-uku, kamar yana haɗiyar dusa. Kwana huɗu Zakara ya mutu.

Tunkiya ce ta je ta kirawo Kunkuru. Ya duba ƙafar, ta yi baƙi har gwiwa, tana wari.

"Baba, ka ba ni irin na da, amma na gaske," in ji Bunsuru. "Waɗannan jabu ne."

"Ba jabu ba ne, ɗana. Ranar da ka tsaya, ragwayen ƙwayoyin cutar ne suka mutu, masu taurin kai suka rage. Ka zo kana ba su ɗanɗano a kwami duk mako, har suka saba. Sun hayayyafa, sun bi gari. Yanzu ja-da-yalo abin dariya ne a wurinsu."

Kunkuru ya gwada allurar da yake ji da ita. Kwana biyu, baƙin ya wuce gwiwa.

"Zaɓi biyu ne," in ji Kunkuru. "Ƙafa ko rai."

Bunsuru ya dubi Tunkiya, ko za ta ce ai ta faɗa. Ita kuwa sai ta matso ta danne masa kai a ƙirjinta.

"A cire," ya ce.

Ya rayu da ƙafa uku. Ƙwayar cutar kuwa ba ta bar garin ba, har yau in maruru ya fito wa wani, sai kowa ya shiga tsoro.

Darasin wannan labari shi ne, jikokina, magani ba alewa ba ne. In likita ya ba ku, ku sha yadda ya ce har ranar da ya ce. Kada ku ajiye ragowa, kada ku ba ɗan'uwa don tausayi, kada ku sha na wani ko da nawa ne. Kun ga Zakara mura kawai ya yi. Ina son ku da ƙafafunku duka biyu.